Ƙullutu a huhu: yadda ake haɗa maganin gargajiyar Sin da kulawar asibiti

Ƙullutun huhu ɗan tabo ne da ke fitowa a hoton CT (hoton cikin jiki na na'ura), wanda faɗinsa bai wuce milimita 30 ba. Mafi yawansu ba ciwon daji (kansa) ba ne, tabon tsohon ciwo ne. A ƙasar Hausa tarin fuka na cikin abubuwan da ake fara zargi, don haka kafin a sha komai a kai majina gwajin GeneXpert, mai gano tarin fuka, idan likita ya nema. In tarin fuka ne, a ajiye maganar sassaƙe da ganye gaba ɗaya: magungunan tarin fuka irin su isoniazid da rifampicin da pyrazinamide suna wahalar da hanta, ba a ƙara mata wani nauyin.

Girman ƙullutun da kamanninsa su ke tsara ranar komawa hoto. Bisa ƙa'idar ƙungiyar masana hoton ƙirji ta Fleischner ta 2017, dunƙulallen ƙullutu da bai kai milimita 6 ba, a jikin wanda ba shi da haɗarin kamuwa da kansar huhu sosai, ba ya buƙatar bibiya. Mai shan taba kuwa ana iya sake masa hoto bayan wata 12. Daga milimita 6 zuwa 8 a sake tsakanin wata 6 zuwa 12. Wanda ya haura 8 sai a sake bayan wata 3, ko a yi hoton PET mai taimakawa gano kansa, ko a ciro ɗan nama a gwada. Mai kama da hazo, in ya kai milimita 6, ana bin sa har shekara 5 saboda a hankali yake girma. A rubuta waɗannan ranakun, kuma a riƙa tafiya da tsohon hoton, domin kwatanci ake yi.

Likitocin gargajiyar Sin suna ɗaukar ƙullutu a matsayin majina da jini da suka taru suka daskare saboda raunin ƙarfin jiki da suke kira qi. Suna duba harshe, su ji bugun jini a wuyan hannu, sannan su haɗa magani daidai da mutum. Cikin abin da suka fi sawa akwai tsirrai irin su huang qi, zhe bei mu, ban xia da xia ku cao. Babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa waɗannan suna narkar da ƙullutu. Ƙullutun da kamuwa da ƙwayoyin cuta ya haifar yakan ɓace da kansa cikin 'yan watanni, sai a ba wa magani yabon da bai ci ba. Abin da za a iya nema a wurinsu shi ne sauƙin tari, barci da cin abinci.

Kafin a fara, a karɓi sunan kowane sinadari da yawan giram ɗinsa a rubuce, a nuna wa likitan huhu, a yi gwajin hanta da ƙoda, a maimaita bayan mako 4 zuwa 6. Garin da ba a faɗi abin da ke cikinsa ba, ko daga Guangzhou aka zo da shi, a bar shi. Lambar NAFDAC ma ba shaidar warkarwa ba ce.

Wajen haɗa waɗannan tsirrai da maganin asibiti, da kuma illarsu, ake samun matsala. Dan shen da dang gui suna ƙara ƙarfin warfarin, maganin hana jini daskarewa, sai jini ya ƙi tsayawa. Gan cao, wanda ke shiga haɗi da yawa, yana ɗaga hawan jini ya rage sinadarin potassium a jini, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin zuciya na digoxin ko maganin sa fitsari. Ma huang na sa zuciya gudu. Ɗanyen ban xia guba ne, sarrafaffe kaɗai ake amfani da shi, kuma su kansu masana na Sin sun hana haɗa shi ko zhe bei mu da wani tsiro mai suna fu zi. He shou wu na taɓa hanta. Guan mu tong da guang fang ji kuwa ba a kusantarsu: sinadarin aristolochic da ke cikinsu ya kashe ƙodar mata da dama a Beljiyam a farkon shekarun 1990, kuma yana jawo kansar mafitsara.

Dahuwar ba wuya. A jiƙa haɗin kwana ɗaya minti 30 a tukunyar ƙasa, ban da ta ƙarfe ko ta alminiyam, ruwa ya ɗan rufe shi. In ya tafasa a rage wuta minti 20 zuwa 30, a tace, a ƙara ruwa a sake dafawa, a haɗa ruwan biyu a raba safe da yamma bayan cin abinci. A bar tazarar awa 2 tsakaninsa da maganin asibiti, amma tazarar ba ta raba faɗan dan shen da warfarin.

Motsa jikin Sinawa na baduanjin mai matakai takwas ba shi da illa ga yawancin mutane. Allurar Sin (akupanca, da ake tsira siraran allurai a jiki) a ƙirji ko gadon baya tana iya huda huhu in hannun bai ƙware ba. Barin taba da shisha ya fi duk waɗannan amfani.

A dakatar da duk maganin gargajiyar mako 2 kafin tiyata ko ciro nama, a kuma gaya wa mai ba da maganin barci abin da aka sha. Tari da jini, rama, zufar dare, haki, ko ido ya yi rawaya fitsari ya yi duhu: a daina sha a ranar, a tafi asibiti ba tare da jiran ranar hoto ba.