Babi na 7: Idan Likita Ya Ce Sai An Yi Aikin Furostet

Darasi na 1

Furostet wata tsoka ce a ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Da girma ya zo, sai ta kumbura ta matse hanyar, kamar tiyon da aka taka. Fitsari ya riƙa fita a ɗiɗɗige, mutum ya kwana yana tashi. Wannan kumburin ba ciwon daji ba ne. Magani ake fara sha. Sai ya ƙi aiki, ko fitsari ya tsaya cak, ko ƙoda ta fara taɓuwa, sannan a yi maganar tiyata.

Darasi na 2: Kwashe magungunanka ka kai wa likita

A nan ake yawan tuntuɓe, don haka mu bi a sannu. Ka tattara duk maganin da kake sha, da kwalinsa, ka zuba a leda. Ba ka iya karanta sunan ba? Ba komai, likita zai karanta. Abin da yake nema shi ne maganin tsinka jini, irin su asfirin da warfarin, domin suna sa jini ya ƙi tsayawa bayan aiki. Kada ka daina sha da kanka. Likita ne zai faɗa maka ranar dainawa da ranar komawa.

Mu maimaita: a leda, da kwali, duka. Har na gargajiya. Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Sai mutum ya kwanta a gadon aiki sannan ya ce "ai na manta". Wannan ganganci ne da rai.

Darasi na 3: Ire-iren aikin

Wanda aka fi yi shi ne TURP. Ba a yanka ciki. Ana zura siririn ƙarfe mai kyamara ta mazakuta a kankare naman da ya toshe hanya, a bar robar fitsari kwana 1 zuwa 3. Bayan haka galibi maniyyi yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito. Mai neman haihuwa ya faɗa tun kafin aiki.

Akwai na hasken leza, jini bai cika zuba ba. Idan furostet ɗin ta wuce giram 80, akan tsaga mara a ciro cikinta, ko a yi da leza.

Darasi na 4

Bayan aiki ka sha ruwa sosai, kada ka ɗaga kaya mai nauyi. Fitsari ya tsaya, ko ka ga gudan jini, koma asibiti. Ledar magani ma ka tafi da ita.