Tom yum ta Tailan: inda uwargida ke ɓata miyar

Wadda ta saba da farfesu, idan ta zo dafa tom yum kung, miyar jatan lande mai yaji da tsami ta ƙasar Tailan, hannunta zai so ya bar tukunya ta yi ta tafasa. Nan ake fara ɓata ta. Ƙamshi ne ran wannan miya, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, kuma dogon wuta kashe shi yake yi.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne matse lemun tsami tukunya na kan wuta. Ruwan lemun da ya tafasa ɗaci yake yi, tsaminsa mai daɗi ya gudu. Ki sauke tukunyar tukuna, sannan ki zuba, ki ɗanɗana. Idan tsami ya yi yawa, ki ƙara nam pla, wato ruwan kifi mai gishiri da mutanen Tailan ke sawa maimakon gishiri. Gishiri zalla ba ya ba da wannan ɗanɗanon.

Kada kuma ki zubar da kai da ɓawon jatan landen. Ki soya su kaɗan, ki zuba ruwa su dahu kamar minti 15, ki tace. Romon miyar ke nan. Naman kansa a ƙarshe ake sa shi; minti 2 zuwa 3 ya isa, in ya wuce haka sai ya yi tauri kamar roba.

Galangal, ɗaya daga kayan ƙamshin miyar, saiwa ce mai kama da citta, amma ba citta ba ce. Ƙamshinta daban, don haka citta ba ta maye gurbinta. Karan ciyawar lemun kuwa, wato lemongrass, sai an daddaka shi da bayan wuƙa kafin ƙamshi ya fito. Ganyen lemun makrut a yayyaga shi, a cire jijiyar tsakiya.

Wasu na zuba madarar kwakwa da yawa, sai miyar ta koma tom kha, wadda wata miya ce dabam. Idan mai kauri kike so, irin da suke kira nam khon, madarar gwangwani kaɗan da soyayyen barkonon nam prik pao ake sawa.

Da kin kai wa baƙi tare da farar shinkafa, ki gaya musu ba a cin galangal, ganyen da karan ciyawar. A gefen kwano ake ajiye su.