Kurakuran da ke shaƙe wa makaɗi sauti

Wanda ya daɗe yana sauraron makaɗa a bukukuwan cikin gari, daga Fagge har Mandawari, ya san ba ƙarfin duka ke sa kalangu magana ba. Hammata ce ke aikin. Masu koyo sukan matse tsarkiya, wato igiyoyin jikin kalangun, iya ƙarfinsu, kafaɗa a ɗage har kusa da kunne, sai sautin ya fito a shaƙe, kafin a tashi kuma wuya ya riƙe. Sauke kafaɗar, ɗan'uwa. Matsawa da sassautawa su ke ba kalangu hawa da saukar murya, har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi. In ka matse ba sassauci, ka toshe masa baki. Sandar kiɗan ma riƙe ta sako-sako, wuyan hannu ya kaɗa, damtse ya huta.

Sai yanayi. Da damina fata kan saki, a kan ɗan nuna mata rana ko wuta. Daidai ne, amma daga nesa, kana juyawa kana taɓawa. Na taɓa ganin fata ta tsage a hannun mai ita saboda gaggawar shiga fili, ran nan har ni na ji zafin abin. Da hunturu kuwa fatar ta riga ta ɗame, kada ka ƙara mata da zafin cikin mota.

Mai goge, wanke hannu kafin ka taɓa izga, wato gashin wutsiyar dokin da ake gogawa da shi. Maiƙo na hana ƙaron da ake shafa wa gashin kamawa.

Mai koyon algaita yakan tura iska da maƙogwaro har jiri ya ɗebe shi. A kumatu ake tara iskar, su riƙa turawa yayin da hanci ke shaƙo sabuwa. Gwada da tsinken shan lemo a kofin ruwa, har kumfar ta daina yankewa.

Abin da ya fi damuna shi ne kunne. A ɗakunan biki makaɗi kan tsaya dab da lasifika dare guda, ya koma gida kunne na ƙugi, ya ce gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Ƙarar da ta haura decibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in ana daɗewa cikinta, tana kashe ƙananan ƙwayoyin ji na can cikin kunne, kuma ba sa sake tsirowa. Koma bayan lasifikar, sa abin toshe kunne, ka riƙa fita waje tsakanin kiɗa da kiɗa. In ƙugin ya kwana biyu bai tafi ba, je ka ga likitan kunne.