Darasi na Tara: Gane Tsohon Keken Tsere da Sanin Darajarsa

Duk wanda yake zagaya wuraren masu sayar da kekuna na hannu a garin Kaduna, ko yake shiga Panteka neman wani ƙarfe, wata rana zai ci karo da wani irin keke wanda ya bambanta da wanda muka saba hawa zuwa gona ko kasuwa. Kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa kamar ƙahon rago, tayoyinsa sirara ne, ba shi da kariya, sau da yawa ba shi da madigadi, kuma idan aka ɗaga shi sai a ji bai kai rabin nauyin keken da muka sani ba. Wannan shi ne keken tsere, wanda aka ƙera domin gudu a kan kwalta. Da yawa daga cikin waɗanda suke iso mana tsofaffi ne da aka yi a Turai ko Japan tsakanin 1970 da 1990, suka shigo tare da kayan gwanjo.

Mutane sukan raina shi saboda ba ya ɗaukar buhun masara, har wasu su sayar wa 'yan gwangwan a auna shi a sikeli. Wasu kuma sukan ruɗu da sabon fenti, su zuba kuɗi mai yawa a kan wanda ƙarfensa ya riga ya mutu. Dalilin da ya sa aka saka wannan darasi a littafin koyon karatu shi ne, maƙeran waɗannan kekuna sun bar haruffa da lambobi a jikinsu, kuma wanda ya iya karanta su zai san ƙasar da aka yi keken, da shekarunsa, da irin ƙarfensa, ba tare da ya dogara da bakin dillali ba.

Tambari da suna

Ku fara da goshin keken, wato gajeren bututun da yake ƙarƙashin kai, domin a nan ake manna tambarin kamfani. Idan kun ga kan wani tsuntsu mai dogon baki irin zalɓe, to Raleigh ne, wanda asalinsa garin Nottingham ne a Ingila, kuma sunan ba baƙo ba ne ga iyayenmu da kakanninmu. Idan kun ga zaki a tsaye ya ɗaga ƙafafun gaba, Peugeot ne na Faransa. Mutumin Kaduna ba ya buƙatar a gabatar masa da wannan zaki, tun da an fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri a 1975, sai dai ba kowa ya san cewa kamfanin ya fara ƙera keke tun 1882, kafin ya fara ƙera mota ba. Akwai kuma Bianchi na Italiya, wanda aka fi sani da wani fenti mai haske tsakanin shuɗi da kore.

Amma suna kaɗai ba ya yanke kuɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ya yi kekuna masu araha na yau da kullum, ya kuma yi masu tsada na 'yan gasa, duk da tambari ɗaya, kuma masu arahar sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Firam shi ne keke

Taya, sarƙa, sirdi da birki duk ana iya canza su, amma firam, wato gangar jikin keken da aka haɗa da bututun ƙarfe, ba a canza shi, saboda haka a kansa ya kamata ku daɗe. Ku duba bututun da sirdi yake shiga, da wanda ya gangara daga goshi zuwa feda, ko za ku ga wata 'yar takarda da aka manna. Idan an rubuta Reynolds 531, wannan ƙarfe ne mai daraja da aka fara yi a Birmingham ta Ingila a 1935, kuma an shafe shekaru da dama manyan 'yan tsere suna cin gasa da shi. Idan an rubuta Columbus tare da hoton kurciya, na Italiya ne, shi ma mai daraja. Idan kuwa a jikin Peugeot kuka ga Carbolite 103, to ƙarfe ne na gama-gari, yana da ƙarfi kuma zai yi muku aiki, amma bai cancanci kuɗi mai yawa ba.

Sau da yawa rana da ruwa sun cinye takardar, sai a koma ga wasu alamomi. Na farko shi ne nauyi. Ku ari sikelin rataye ku auna: keken tsere na ƙarfe mai kyau yana kai kimanin kilo 10, mai araha kuwa yakan kai kilo 13 ko fiye. Na biyu, ku duƙa ku dubi ƙarfen da yake riƙe gindin tayar baya. A keke mai daraja yana da kauri, gefensa a tashe, kuma yana da wani ɗan kunne inda ake ɗaura abin canza giya kai tsaye. A mai araha falle ne siriri, kamar an yanko shi daga faranti. Na uku, ku dubi hannun feda. Idan na ƙarfe ne kuma an soke shi da 'yar ƙusa mai noti, irin na kekenmu na gida, to ko dai keken ya tsufa ƙwarai ko kuma mai araha ne, domin masu kyau na wancan zamani da alminiyam aka yi musu. Ɗan maganaɗisu zai raba gardama, tun da yana kama ƙarfe amma ba ya kama alminiyam.

Ku sani cewa bututun ƙarfe mai daraja siriri ne ƙwarai, kaurin bangonsa a tsakiya bai kai milimita 1 ba, kuma ba da waldar lantarki aka haɗa shi ba, an zura bakin kowane bututu ne cikin wata mahaɗa aka narka tagulla ta cike tsakani. Abin yana ba ni takaici duk lokacin da na ga an kai irin wannan keke wurin mai walda domin a liƙa masa kariya, saboda wutar tana ƙona bututun nan take, kuma keken da ya yi shekara 40 lafiya lau sai ya zama na awo a cikin minti biyar.

Yadda ake sanin shekarunsa

Ku kifar da keken a kan sirdi da kai, ku goge ƙasan gidan feda, wato inda hannun feda yake juyawa a jikin firam, da tsumma mai ɗan kananzir. A mafi yawan kekuna a nan ake buga lambar firam, wasu kuma a bayan bututun sirdi ko kusa da gindin tayar baya. A kekunan Raleigh da aka yi daga wajen 1974, lambar tana farawa da haruffa biyu. Na farko yana nuna masana'anta, N na nufin Nottingham, W kuma na nufin Worksop, inda aka yi kekunansu masu tsada. Adadin farko da ya biyo bayan haruffan shi ne ƙarshen shekara, ta yadda 8 zai iya zama 1978 ko 1988, sai a duba sauran kayan keken a tantance.

Kayan kamfanin Shimano na Japan sun fi sauƙin karantawa. A bayan hannun feda, ko birki, ko abin canza giya, akwai ƙananan haruffa biyu. Na farko shekara ne, inda A yake nufin 1976, B 1977, C 1978, a ci gaba da ƙirgawa a haka. Na biyu wata ne, daga A Janairu zuwa L Disamba. Saboda haka idan kun ga EC, an yi kayan a watan Maris na 1980. Idan kaya uku ko huɗu a jikin keke ɗaya suka nuna shekara ɗaya ko biyu a jere, wannan shaida ce cewa keken yana nan da kayansa na asali, kuma hakan yana ƙara masa daraja.

Wurin da aka ɗora sandunan canza giya ma yana ba da labari. Idan suna manne a bututun da ya gangara zuwa feda, tsohon tsari ne, domin sai a 1990 Shimano ya fito da wanda aka haɗa da hannun birki. Sunan da ya fi kowane tsada a kan kayan giya da birki shi ne Campagnolo na Italiya. SunTour na Japan yana aiki da kyau ko da yake ba a biyansa da yawa. Simplex na Faransa, wanda ake yawan samu a jikin Peugeot, wani sashensa roba ne baƙi, kuma idan ya tsufa yakan tsage.

Lahanin da yake kashe ciniki

Ku shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da goshi. Idan kun ji wani tudu, ko kun ga fenti ya tattare ya tsattsage a wurin, keken ya taɓa yin karo da gaba kuma firam ɗin ya lanƙwashe. Ku koma gefe ku dubi fok, wato ƙafafu biyun da suke riƙe tayar gaba, ko sun koma baya sun matso kusa da firam. Daga nan ku ɗauko zare, ku ɗaura shi a gindin tayar baya ta dama, ku zagayo da shi ta goshi ku dawo ta hagu ku ja ya miƙe, sannan ku auna tazarar zaren da bututun sirdi a kowane gefe. Idan tazarar ba ɗaya ba ce, firam ɗin ya karkace.

Tsatsar da take saman fenti ba abin tsoro ba ce, ana goge ta. Wadda ta ci rami, ko ta kumbura fenti kusa da gidan feda inda ruwa yake taruwa, ita ce mai haɗari. Kada kuma ku biya kuɗi sai an kwance noti an ja sandar sirdi ta motsa a gabanku, domin alminiyam da ƙarfe idan suka daɗe tare sukan manne, wani lokaci har babu mai iya raba su sai da zarto. Keken da aka samu tsaga a firam ɗinsa ko fok ɗinsa ba a hawansa ko da kyauta aka ba da shi, sai dai a saya domin kayan jikinsa.

Taya da kayan gyara

Ku karanta rubutun gefen taya kafin ku yi tayi. Wasu tsofaffin kekuna suna da taya mai lamba 27 x 1¼, wadda ake kuma rubuta wa 630, wasu kuma 700C, wadda ake rubuta wa 622. Bambancin milimita 8 ne kawai, amma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya, kuma tayar kekenmu na gida mai lamba 28 x 1½ ba ta shiga ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka ku fara tambaya a kasuwa ko akwai irin tayar. Bakin tif ɗin ma sau da yawa siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa. Tsofaffin kekunan Faransa kuma suna da tasu matsala, domin zaren notinsu a gidan feda da wuyan kai ya bambanta da na Ingila, kuma mai gyaran da ya tilasta wani noti ya shiga zai lalata zaren.

Lissafin kuɗi

Keke ɗaya yana iya samun kuɗi iri uku: kuɗin awo a wurin 'yan gwangwan, kuɗin hawa a wurin mai neman abin zuwa aiki ko motsa jiki, da kuɗin sha'awa a wurin wanda ya san tsofaffin kekuna yake kuma neman mai kayan asali da fentin asali. Kuɗin da ake gani a intanet na kasuwannin Turai da Amurka ba shi ne kuɗin Kaduna ba, kuma yawanci abin da mai kaya ya nema ne, ba abin da aka biya ba. Idan kun mallaki keke mai daraja kada ku sake masa fenti, domin mai sha'awa ya fi son tsohon fenti da takardunsa a kan sabo mai ƙyalli.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce ku tambayi masu sayarwa uku kuɗin lafiyayyen keke mai irin wannan matsayi, ku ɗauki na tsakiya, sannan ku cire kuɗin duk abin da za ku gyara. Ga misali domin koyon lissafi kawai, ba kuɗin kasuwa ba ne. A ce lafiyayye naira 90,000 ne. Wanda yake gabanku yana buƙatar tayoyi biyu da tif na 24,000, sarƙa ta 6,000, wayoyi da robobin birki na 5,000, da ladan mai gyara 7,000. Jimillar gyara 42,000 ke nan, saboda haka iyakar abin da ya kamata ku biya shi ne 48,000, kuma tayinku na farko ya kasance ƙasa da haka. Idan mai kaya ya ce albarka, ku nuna masa dalili cikin ladabi: “Malam, ka ga tayoyin nan duk sun tsage, sarƙar ma ta saki, dole sai na canza su, a duba mini.” Kafin a sallama, ku tsaya a kan keken ƙafafunku biyu a ƙasa, ku tabbata akwai sararin yatsa biyu tsakaninku da bututun sama, domin keken da ya fi ƙarfin tsawonku ba shi da amfani a gare ku ko da an yi muku rangwame.

Idan ciniki ya faɗa, a rubuta rasit mai ɗauke da kwanan wata, sunan mai sayarwa da na mai saye, sunan keken, launinsa, lambar firam da kuɗin da aka biya, a kuma samu shaida ɗaya ya sa hannu. Idan kun ga an kankare lambar firam da gangan, ku bar keken a inda yake, domin ana iya samun kayan sata ne.

Aikin gida

Ku nemi keke ɗaya a unguwarku, ko da ba na tsere ba ne, ku nemi izinin mai shi, ku kwafi sunan da yake goshinsa, lambar firam ɗinsa da lambar gefen tayarsa a littafinku. Ku rubuta shekara da watan da haruffan Shimano KF suke nufi. Sannan ku sake lissafin da ke sama, a ce wannan karon har da sabon sirdi na naira 8,000, ku zo da amsar a aji na gaba.