Darasi na 7: Lambun Tsirrai na Birnin Singafo

To 'yan uwa masu karatu, yau za mu leƙa wani lambu da ke birnin Singafo a kudu maso gabashin Asiya, ba lambun kayan miya ba ne, irin lambun nan ne da ake tara itatuwa da ciyayi da furanni daga ƙasashe daban-daban, kowanne da sunansa a rubuce jikin ɗan allo, ana rainonsu ana nazarinsu a ga wanne zai yi wa mutane amfani.

An fara shi a 1859 a unguwar Tanglin, lokacin Turawan Ingila ke mulkin wajen. Wata ƙungiyar masu sha'awar noma ce ta buɗe shi, kuma da farko wurin shan iska ne kawai na masu hali, su zo su zaga su ji kiɗa su koma gida. Da kuɗi suka ƙare wa ƙungiyar sai gwamnati ta karɓe shi a 1874, daga nan ne aka shiga bincike gadan-gadan.

Abin da ya ɗaga sunan lambun nan shi ne itacen roba. Asalinsa daga Burazil yake. A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwaso iri wajen 70,000 ya kai lambun Kew da ke Landan, kaɗan ne suka tsiro, a cikin su aka aiko da dashe 22 zuwa Singafo a 1877. Itatuwan suka girma amma ba wanda ya damu da su sosai, don yadda ake tatsar ruwan roba a da sara ake yi wa itacen mai zurfi har ya ji rauni, wani ma ya mutu. Sai da Henry Ridley ya zama shugaban lambun a 1888, shi ne ya zauna yana ta gwaji shekara da shekaru har ya gano cewa ba sai an sare ba, wuƙa za ka sa ka ɗan yanke bawon siriri a karkace, tsaga ta haɗu da tsaga kamar ƙayar kifi, farin ruwan ya bi ta nan yana ɗiga cikin ɗan kofin da aka ɗaura a ƙasa, bawon kuma ya sake tofowa a ci gaba da tatsa shekaru masu yawa.

Mutumin nan fa ya sha wuya kafin a saurare shi. Cika aljihunsa yake da irin roba, duk manomin da ya haɗu da shi sai ya danƙa masa ya ce je ka shuka, su kuwa hankalinsu na kan kofi, har suka sa masa suna mahaukaci. Gaskiya abin da ban tausayi. Amma da cuta ta shiga gonakin kofi, ga motoci sun fara yawa a duniya kowace na buƙatar taya, sai ga su suna rububin neman iri a wajensa. Tan Chay Yan na cikin na farko da suka yarda, ya buɗe gonarsa a Malaka da ke yankin Malaya (Malesiya ta yau) a 1896. Kafin wani lokaci yankin Malaya ya zama kan gaba a roba a duniya.

Bayan roba sai furen okid, wanda aka fara auratayyar ire-irensa a lambun a zamanin shugabansa Eric Holttum. Ko da Japan ta mamaye birnin daga 1942 zuwa 1945 lambun bai salwanta ba, masanan Japan ɗin ma sun taimaka an kare shi. Da Firaministan Singafo Lee Kuan Yew ya ƙaddamar da gangamin dashen itatuwa a 1963, lambun ya taimaka da dashe da ƙwararru wajen ƙawata titunan birnin. Yanzu faɗinsa ya kai hekta 82, shiga kyauta ne in ban da sashen okid, kuma a 2015 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Aikin yau: kowa ya ɗauki littafinsa ya rubuta shekarar da aka fara lambun da shekarar da dashen roba ya iso, ya cire ƙaramar daga babbar ya ga shekara nawa ke tsakani. Sannan a jimla biyu ya bayyana yadda ake tatsar roba ba tare da an kashe itacen ba.