Yadda ake shirya kimodameshi, gwajin hanta na Japanawa

A Japananci kimo hanta ce, tameshi kuma gwaji, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa hantar wane ta kaɗa. Kimodameshi wasa ne na gwada jarumta, inda mutum ke bin hanya mai ban tsoro cikin dare. Ana yin wasan da zafin Yuli da Agusta, musamman lokacin bikin Obon, 13 zuwa 16 ga Agusta, sa'ad da suka yi imani ruhohin kakanni na dawowa gida.

Da farko a zaɓi wuri, a kuma nemi izini: hanyar daji a sansanin makaranta, harabar wurin bauta, ko ajujuwa da dare. Kangon asibiti da gidan da aka yi watsi da shi suna da masu su. Sashe na 130 na dokar laifukan Japan ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar yen 100,000 ga mai kutse.

A bi hanyar da rana tsaka. Tafiyar minti 10 zuwa 15 ta isa. A cire saiwa da duwatsun tuntuɓe, a ɗaure igiya inda hanya ta rabu biyu, a kula da ciyawa mai duhu saboda mamushi, wani maciji mai dafi. A ƙarshen hanya a ajiye kati ko ofuda, takardar laya ta wurin bauta, wadda kowa zai ɗauko shaidar ya kai. Al'adar shaida tsohuwa ce: ana ba da labarin Fujiwara no Michinaga, wani bafade, wanda Sarkin Japan Kazan ya aika wani zauren fada cikin dare, ya dawo da ɓallin ginshiƙi.

Kafin a tashi, a zauna a ba da labarin fatalwa a kan wannan wurin. Rabin tsoron daga nan yake fitowa.

Sai a riƙa sakin mutane biyu-biyu da tocila ɗaya, minti 3 zuwa 5 tsakani. Idan tazarar ta gaza, na baya za su ji ihun na gaba su gane maɓoyar masu tsoratarwa. Masu tsoratarwa su sa farin kimono, su rataya konnyaku, wani abinci mai sanyi da santsi, a zare daidai fuska. Kada su bi kowa da gudu, domin gudu cikin duhu ne ke kawo karaya. Yaron da ya ce ya fasa, babba ya raka shi baya ba tare da tsokana ba, sannan a ƙirga kowa da suna kafin a watse.