Yadda ake gane ko faya ce ta fashe

Ƴar uwa mai ciki, ba kullum faya ke fashewa ruwa ya kwararo shaaa ba, wani lokacin ɗis-ɗis yake zuwa har ki ɗauka fitsari ne. To in kin ji jiƙa, saka fad mai tsafta ki ɗan kwanta kamar rabin awa sannan ki miƙe ki ga ko ruwa zai zubo. Ruwan faya bai da zarnin fitsari kuma ko kin matse ba ya tsayawa. In ya fito kore ko da jini ko yana wari, ko kin ji zazzaɓi, ko motsin yaro ya ragu, maza asibiti.

A can likita ko nas za su saka ƙarfen duba bakin mahaifa su ce ki yi tari, in ruwa ya taru shikenan an gane. In da shakka sai a dangwala wata takardar gwaji da ake kira nitrazine a ruwan, ruwan faya na mayar da ita shuɗiya, sai dai fa jini da maniyyi ma suna yin haka shi ya sa ba a dogara da ita ita kaɗai. Ana kuma shafa ruwan a gilashi ya bushe a duba a madubin likita, zai fito da zane kamar ganye. Akwai kuma wani gwaji da ake kira AmniSure, ya fi gano ruwan faya daidai amma da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Shi kuma sikanin, yawan ruwan da ya rage kawai yake nunawa.

Don Allah kar ki bari a saka miki hannu a gida, hanyar shigar ƙwayoyin cuta kenan, balle in cikin bai kai sati 37 ba.